Sarki Mai Gemu a Goshi

Stamatis Vrettos ya yi shekara arba'in yana aski a birnin Salonika, amma in kana so ka ga haƙoransa, to yi masa zancen tsoffin kwabban tagulla na sarakunan Rumawa. Ba masu kyau yake tarawa ba, sai waɗanda hannun maƙeri ya goce a kansu. Yana da sarki mai hanci biyu, yana da wanda gicciye ya fito masa ta kunne. A shagon gahawa kowa ya san shi ne gwani, kuma ya fi son wannan suna da abincin rana.

Kwabban da ƙasa ta daskare a kansu kuwa, ba shi da haƙurinsu. Ya tattara su ya ba Lefteris mai gidan burodi, wanda ya yi masa abokin ango, don dai ya rage tarkace. Lefteris ya jiƙa su cikin man zaitun shekara guda cur, yana sakace su da tsinke. Ɗan hakin da ka raina! Sai ga wani sarki ya fito da gemu a goshi, don an buga sabon hoto a kan tsoho, kai a ƙasa.

Ranar da Lefteris ya kawo shi shagon gahawa, aka yi ta miƙa shi hannu-hannu ana dariya har da hawaye. Stamatis ma ya yi tasa, ta dole. Hassada ta ci shi ƙwarai, wai mutumin da bai san gaban kwabo da bayansa ba ne ya dace da irin wannan. Da aka watse, Lefteris ya tambaye shi yadda zai yi fuskar ta ƙara fitowa. Stamatis ya san sarai ruwan tsami cinye tagulla yake yi, amma ya ce ya tsoma shi ciki kwana uku.

Ranar bikin waliyyin da Stamatis ya ci sunansa, baƙi sun cika gidansa da kyaututtuka kamar yadda aka saba a can, Lefteris ya ja shi gefe ya kwance hankici. Kwabon ya yi jawur, duk ya zaizaye, ba gemu ba goshi.

"Mutumina, dama kai na ajiye wa. Wa ya san darajarsa in ba kai ba? So na yi in kawo maka shi fes. Ina jin ni na bar shi ya wuce lokaci. Ka yafe mini."

Stamatis ya juya kwabon a tafin hannunsa. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ji kansa yana cewa ya yafe.