Kujerar Kaka a Majalisar Ndar

Makka

Ba a kira sallar Asuba ba muka fito daga gida, ni da ƙanena Sani. Muka yi salla kusa da tasha, muka shiga taksin Jidda. Shekara da shekaru ni ke shugabantar taron danginmu, ni ke raba faɗa, ni ke sa ranar biki. Duk sanda Sani ya ce a yi zaɓe, sai in ce masa abin gado ne. Kakan babanmu fatauci ya kai shi Ndar ta ƙasar Sanagal zamanin Faransawa, kuma mun tashi muna jin cewa ya riƙe kujera a majalisar zaɓaɓɓu da suka kafa a can. To ni ne babba, ni na gaji kujera. Bana Sani ya kafe sai mun ji daga bakin Goggo Hauwa, ƙanwar babanmu, don ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga tsohon. In ta gaskata ni, ya yi shiru har abada. In ba haka ba, a ɗaga hannu.

Shumaisi

A shingen Shumaisi aka duba iƙama, takardarmu ta zaman ƙasa, aka ce mu wuce. Direbanmu Bahaushe ne haifaffen Jidda, tun daga tasha yake sauraron gardamarmu.

"Ya ammi, afwan, a gafarce ni," in ji shi. "Shi kakan naku, zaɓensa aka yi?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

"Ɗayyib. To abin da aka samu da zaɓe, yaya ake gadonsa?"

Sani ya yi dariya har ya ƙware. Na ce wa direba ya dubi hanya.

Sharafiyya

Rana ta fito muka sauka a Jidda, muka karya da waken ful da burodin tamis mai zafi. Na saya wa Goggo dabino mai laushi da turare. Sani ya ce, "Yaya, ka fara sayen ƙuri'a ke nan?" Akwai dai ƙamshin gaskiya a maganar. Muka tare wata taksin.

Hindawiyya

Layin su Goggo mota ba ta shiga, da ƙafa muka ƙarasa. Mun same ta zaune da carbi, ido ya yi rauni amma baki na nan daram. Muka durƙusa muka gaishe ta.

"Ahlan, ahlan. Wa ya mutu? Ku biyu ba kwa zuwa tare sai da gawa."

Na gyara murya na ce, "Goggo, ba kakanki ya riƙe kujera a majalisar Ndar ba?"

"Aiwa, ya riƙe. Da hannu biyu ma."

Na dubi Sani da murmushi. Sai ta ci gaba. Ta ce 'yan majalisar nan yawancinsu attajiran Faransawa ne da 'ya'yansu barbarar yanyawa, mutanen gari ke jefa musu ƙuri'a. Kaka kuwa baƙo ne, ko ƙuri'ar ba shi da ita. A cikinsu akwai wani ƙaton ɗan kasuwar ƙaro, wanda da an fara gardamar haraji da gyaran gada sai barci ya kwashe shi, ya jingina baya. Ran nan ya kife, ƙafafu sama, a gaban gwamna. Shi ne ya ɗauki Kaka aiki, ya riƙa tsayawa a bayansa yana riƙe kujerar.

"In an zo ɗaga hannu, sai ya zungure shi da gwiwa," in ji Goggo. "Mutumin ya farka, ya ɗaga, ya koma barci. Da ladan aikin ya kamo hanyar Hajji. Muna yara yana kwaikwayon minsharin, mu yi ta birgima."

Na ce, "Amma Goggo, me ya hana ki faɗa mini tuntuni?"

"Ya waladi, ka taɓa tambaya? Kai fa in ka zo, jawabi kake yi."

Balad

Bayan Azahar muka bi ta cikin tsofaffin gidajen Balad neman mota. A wani shagon shayi na ce wa Sani ya yafe mini. Na sha kashe masa baki a gaban 'ya'yansa, har na taɓa hana shi magana a bikin 'yarsa, duk a kan wannan labari. Ya ce halas, shi ke nan, ya yafe, amma zaɓe na nan.

Gida

Mun iso Makka kafin Magariba. Ran Juma'a dangi suka taru, na ba su labarin yadda na ba ku, aka sha dariya, aka ɗaga hannu. Sani ya ci. Na waiga na ga Hajiya, matata, ta ɗaga masa nata har sama, babu wanda ya zungure ta.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Goggo. Mai ƙara daga yau ya nemi Sani, ni na huta.