Mai Molon Da Muka Gina Da Ɓawon Gyaɗa

Sai da ya ɗauke yatsunsa daga kan molon ya yi mini murmushi, sannan gabana ya faɗi. A tashar Bagudo ne, ranar da na dawo hutu daga sakandare, a shekarar da aka sami 'yancin kai, ƙananan tutoci na nan rataye a bakin rumfuna. Ban san shi ba. Dogo ne mai fara'a, Hausarsa da gaurayen Dendi irin ta mutanen tsallaken iyaka. Ina sauke akwatina ya hau yi mini kirari, wai ɗiyar Malam Garba na Bahindi, ƙanwar maza biyar. Na yi dariya na gyara masa. Na ce ni ɗiyar Alu ce na bayan marina, ba ni da wa ko ɗaya, babana ma yana Matsinkai wajen girbi sai bayan kwana huɗu, gidan daga ni sai kakata. Bai tambaye ni komai ba, ni na zube masa. Kuma na san wannan dabarar, domin ni na ƙirƙiro ta ina 'yar shekara tara.

Lokacin muna yara, da an gama cin tuwo mukan kewaye murhun Kaka Kulu, ni da yaran maƙwabta, tana tura ƙirare cikin wuta da ƙafa. Wani lokacin ta ba mu tatsuniya. Wani lokacin kuma ta ce jakarta ta ƙare, yau mu za mu gina mutum. Sai ta ajiye faifai da ɓawon gyaɗa guda biyar. Kowa ya ba mutumin baiwa ɗaya, ita kuma ta ɗora masa aibi. In zai yi wani abu mai wuya a watsa ɓawon: in mafi yawa sun buɗe ya sha, in sun kife an kama shi. Ba ta yarda a watsa kuɗin wuri ba, don kada Baba ya ce tana koya mana caca.

Haka muka gina Ɗan Zuma. Hajo, 'yar gidan da ke jikin namu, ta ba shi muryar da ke sa mace ta manta da tukunya a wuta. Kaka ta ce to, amma ba zai ga abin wani ba sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Aka ba shi molo, aka ba shi riga mai faɗin hannu. Da aka zo kaina ta ce, baƙon da ya cika tambaya ana zarginsa, to yaya zai gane gidan da ba namiji? Na ce ya riƙa kuskure kirari da gangan, ai ba mai jure a kira shi ɗan wani.

Ta daɗe tana kallona. "Ke wagga ɗiya," ta ce, "Allah shi kiyashe mu da ke."

Kusan wata guda muna yawo da shi gari gari. Ya sa masunci rawa ya naɗe masa komarsa ta kamun kifi. Ya yi wa uwar amarya waƙa har ta yi kuka, ya fita da tasoshinta cikin riga. Kaka ce ke yin muryar duk waɗanda aka cuta, tana salati tana tafa hannu, mu kuwa muna faɗuwa don dariya. In ɓawon ya kife mukan roƙe ta a sake watsawa, ta ƙi.

Ranar nan da na isa gida, ban ko cire takalmi ba na faɗa wa Kaka abin da na yi. Ba ta yi mini faɗa ba. Da safe ta aika a nemo mai molon tashar nan, wai ya zo da la'asar ya yi wasa a ƙofar gida don jikarta ta dawo. Ta gayyato marina, matan masunta, har mai unguwa. Na laɓe a zaure ina kallon idanunsa. Sau biyu suka je wajen da katangarmu ta zaizaye. Ko kuwa rana yake kauce wa, ban sani ba.

Da ya tsagaita Kaka ta miƙa masa fura. "Sannu da aiki. Ai na gane ka, kai ne ɗan mahaucin nan na Bahindi."

Ya yi dariya ya gyara mata. Ya faɗi sunan ubansa da ƙauyensu a can tsallake, a gaban kowa. Wani tsohon masunci ya ce ya san gidan, ya ma taɓa kwana a ciki. Murmushin mai molon bai gushe ba, amma bai shanye furar ba.

Duk da haka kwana biyu ban runtsa ba, motsin akuya ma sai na miƙe. Har yanzu da nake rubuta wannan, in na ji molo sai na waiga. Ban san ko ɓarawo ne ba. Wataƙila maroƙi ne kawai mai neman abinci, ya yi cinke bai dace ba, ni kuma na sa masa rigar Ɗan Zuma. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, duk wancan watan ba wanda a cikinmu ya taɓa tambayar yadda masuncin ya ciyar da gidansa da aka ɗauke masa koma. Kaka kullum tana yin muryarsa, mu ne ba mu saurara ba.

A rana ta uku da hantsi Baba Nomau marini ya yi sallama. Ya ce da idonsa ya ga mutumin ya shiga kwalekwale an ƙetare da shi, kuma shi zai riƙa kwana a zaurenmu har babana ya dawo.

Ya dube ni ya ce, "Je ki kwanta, ɗiyata. Ba abin da za shi same ku."

Na kwanta a tabarmar Kaka da rana tsaka, riƙe da gefen zanenta, ban farka ba sai la'asar.