Safiyar Da Na Ba Kansila Motata

Ƙarfe shida da rabi na buɗe shagona a Romi. Dillancin siminti da rodi nake yi, kuma ina da babbar motar kaya guda ɗaya. Na sha shayi a bakin shago. Tun jiya ana ta maganar an yi faɗa a cikin gari, amma unguwarmu lafiya lau.

Ƙarfe bakwai kansilanmu ya zo da kansa. Lokacin da soja suka miƙa mulki, ni na bi gida-gida na tara masa ƙuri'un layinmu, Musulmi da Kirista. Ya ce yana son mota na awa biyu. A sana'armu ba a tambayar mutum abin da zai ɗauka. Ina za a kai, yaushe za a dawo, shi ke nan. Na ba direba makulli.

Kafin ya tafi ya dafa kafaɗata. "Alhaji, ka gaya wa mutanenka kowa ya zauna. Na yi magana da manya, 'yan sanda suna hanya."

Na yarda. Na shiga gidaje na faɗa musu. Malam Iliya tela har ya ɗaure kekensa na ɗinki a bayan babur. Na ce ya sauke, kada ya tayar wa mata da hankali. Ya sauke, don ni na faɗa.

Ƙarfe tara da kwata maƙwabciyata Maman Nanret, 'yar Filato, ta shigo ba sallama. Ta ce ta ga motata a hanyar Kakau. Katifu ne a ciki, da firiji, da iyalin kansila zaune a kan kaya. Nan na gane. Ya sani tun da safe.

Ƙarfe goma saura muka ji ihu daga bakin titi. Sai ƙarar kwanon rufi ana dukansa. Sai warin taya. Harbi biyu, aka yi shiru, sannan ya ɓarke.

Wani maƙwabci ya ɗaga murya: "Ku fito! Ta baya! Ku bar kaya!"

Maman Nanret ce ta buɗe mana ƙofar lambunta. Na ɗauki ƙaramar 'yata, matata ta riƙe sauran. Muka faɗa gonakin rogo. Tsofaffi ba sa iya sauri. Da motata tana nan, da ta kwashe su duka a sawu ɗaya.

Ƙarfe sha ɗaya muka kai layin dogo, muka bi shi a sunkuye. Na waiwaya sau ɗaya. Hayaƙi uku ne a layinmu, na tsakiya shagona. Takalmin matata ya tsinke, ta ci gaba a haka.

Bayan azahar muka isa wani bariki. Sojan ƙofa ya daka tsawa: "Hannu sama! Ɗaya-ɗaya!"

A rana ta huɗu kansila ya zo da buhunan shinkafa da mai ɗaukar hoto. Jama'a suka taso, wasu har da tafi. Yunwa ce, ban ga laifinsu ba. Ya miƙo mini hannu, ya ce, "Alhaji namu, ashe Allah ya kiyaye." Na karɓi shinkafar saboda yara. Hannun ban karɓa ba.

Da ya tafi na zagaya barikin ina duba fuskoki. Gida goma sha ɗaya na shiga da ƙafata na ce kada su tafi. Mutanen gida tara na samu. Daga gidan Malam Iliya, matarsa kaɗai ta iso. Ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta tambaye ni ya yara.