Taragon da ya cire a hannuna

Jikata Hauwa ka rubuta min wannan, ni ban yi boko ba.

Ɗazu na ga ɗanta na haɗa jirgin ƙasa da 'yan bulon roba, sai na tuno maigidana Malam, Allah shi jiƙan shi.

Muna Kalgo, ɗiyata ta haihu a Zariya. Aka ce in tahi wankan jego, mota zuwa Gusau, sannan jirgi. Na ce ban zuwa. Abin da an ka ɗaure jere kamar maruƙa a igiya, na baya ai tsinkewa zai yi a daji.

Malam ya aro irin bulon nan gidan hedimasta. Ya wuni kan tabarma ya haɗa kan jirgi da tarago huɗu, ya shimfiɗa karan dawa biyu, wai hanya.

"Duba, kowane na riƙe da ɗan'uwansa. Ja ki gani."

Na ja. Na bayan ya cire a hannuna.

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "To, ki zauna na gaba."

Haka na yi. Na gaba na shiga, ƙara ta cika min kunne har Zariya, amma ni na yi wa ɗiyata wankanta, kwana arba'in cur.

Ku da kun ka taɓa shiga, gaba kuke zama ko baya?

Ni dai na gaji, a tsaya nan.