Mai waƙa da man bilicin

Muna zaune cikin motar haya ta trotro a tashar Race Course, muna jiran ta cika. Wata mata baƙa wuluk, mai wushirya, tana karanta waƙar da ta rubuta cikin wayarta: ɗakinsu na Zango da ke yoyo, da kantin da ya hana ta aiki wai ta cika baƙi. Ina jin malamar makaranta ce, don akwai ƙurar alli a mayafinta.

Wata baƙar budurwa da ke gefenta tana cinikin man bilicin ta taga. Matar ta juyo tana murmushi.

"Ƙanwata, launin nan naki na yi wa waƙa. Kar ki goge min shi."

Budurwar ta yi dariya, ta mayar wa mai talla kwalbarsa.

"To Anti, karanto min daga farko."