Hudu Mai Sa Guda

Hudu ɗan goggona ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Yana zaune a ƙauyenmu, kan hanyar da ta tashi daga Bukkuyum ta nufi Gummi. Ya ba arba'in baya. Yana da mata, Zulai, da 'ya'ya, da gona, da aboki guda ɗaya tak a duniya. Abokin nan ne bara ya kusa kuɓuce masa.

Tun muna yara Hudu ba ya magana. Goggo Iyatu, innarsa, ta ce ranar da aka haife shi sai da ungozoma ta roƙe shi kafin ya yi kuka, ya yi sau ɗaya ya ga ya wadatar. In ka gaishe shi ya ce "Lahiya," to kun gama hirar wannan makon. Ba ya zuwa gayyar kowa, shi ma ba ya kiran gayya, wai wanda ya taya ka noma yau, gobe zai zo ya zauna maka a ƙofar gida. Neman auren Zulai ma ni na yi masa zancen. Shi yana tsaye yana duban katangar gidansu, ya ga ta zaizaye, washegari ya dawo ya yaɓe ta. Aka ba shi yarinya.

Da mahaifinsa ya rasu aka raba gado, Hudu ya tashi da jan sa guda da garma da karkiya. To sa guda ba ya huɗa, don karkiya wuya biyu take ɗauka. A wajenmu mai sa guda sai ya nemi wani mai sa guda su haɗa, yau gonar wannan, gobe gonar wancan, wanda ake yi wa aiki shi ke kawo fura da dusa. Kuma ba kowane sa ke haɗuwa da kowane ba. Wanda aka hora a dama, a dama zai mutu. Ka mai da shi hagu, sai ya yi maka kunyoyi kamar macijin da aka taka. San Hudu na dama ne. Duk ƙauyen kuwa san hagu guda ne ba shi da abokin aiki, kuma mai shi Junaidu ne.

Junaidu baƙo ne, daga wajen Anka ya taso da matarsa. Allah ya ba shi baki. Yakan gaida mutum, ya juya ya gaida babur ɗinsa. Na taɓa barinsa yana ba ni labari a bakin rijiya, na je Gummi na dawo, na iske bai kai tsakiya ba, wani ya riƙe mini wuri.

Hudu ya yi damina guda cur da garmar hannu don kada ya je wajensa. A damina ta biyu gadon bayansa ya ce bai yarda ba. Ya ja san har ƙofar Junaidu, ya yi sallama, aka fito, ya nuna dabbar da haɓa.

"Na dama na," in ji shi.

"Nau kau na hauni na," in ji Junaidu, wato nasa na hagu ne. "Lale, Malam Hudu. Yau wace rana ta? Shigo ka sha ruwa. Ƙaƙa Inna? Ƙaƙa ƙahwatta? Mi sunanai?"

"Wa?"

"San mana."

"Ba shi da."

"Bawan Allah babu suna? Ƙaƙa kaka kiranai?"

"Ba ni kiranai."

Junaidu ya zagaya san, ya duba haƙoransa, ya yi masa tambayoyi bai amsa ba. Nan take ya raɗa masa suna Shiru. Nasa farin kuwa dama Fari ake ce masa.

Haka suka fara. Hudu a baya riƙe da garma, Junaidu a gaba riƙe da igiya, yana tafiya da baya-baya don ya riƙa ganin masu sauraro. Yana ba shanun labarin farashin taki, da yadda aka yi wa wani aski da kwalba a Gwashi, da abin da rediyo ya ce jiya da abin da ya kamata ya ce. Shekarar farko na ga auduga a kunnen Hudu, ya ce sanyi ne, alhali ana zafin da kaza ke yin dafaffen ƙwai. Shekara ta biyu Zulai ta ji wani sauti daga ɗakinsa, ta kwashe yara ta yi waje ta kira Goggo. Ashe dariya ce. Ya tuna maganar askin kwalba ne, bayan wata biyu.

Shanun ma suka saba. Da rani, lokacin da babu aiki, Shiru ya ƙi cin harawa sai ya ga Fari. Kullum da la'asar sai ya tuge turke ya nufi gidan Junaidu, Hudu ya bi shi don ya komo da shi. Tun yana tsayawa a tsaye har ya fara zama a bakin tabarma, har ya kai tsakiyarta. In ka wuce ka tambaye shi me yake yi, sai ya ce san yake jira. San kuwa ya gama cin abinci tun ɗazu, shi ke jiran Hudu.

Wata rana suna hutun rana a gindin tsamiya, Junaidu ya yi shiru da kansa, ba ciwo ba barci. Daga bisani ya gaya wa Hudu abin da ya taso da shi. A Dareta yake da, yana aikin dutsen zinari, shekarar da gubar dalma ta ɗebi yara. Ɗiyarsa Kulsum tana cikinsu. Bayan an rufe ta ya sai da kayan aikinsa ya sayi Fari, ya ce shi da ramin zinari har abada. Ya ce in ya yi shiru ita yake ji. Zulai ce ta ba ni wannan, ita ma sai da ta yi mako tana tatsar sa daga bakin mijinta. Ta ce Hudu dai tura masa ƙwaryar fura ya yi. Amma da suka koma aiki, Hudu ne ya yi ta yi wa shanun magana har magariba. Ba shi da labari, sai ya riƙa gaya musu sunayen gonakin da ke kewaye da masu su.

Bara, ana dab da faɗuwar ruwa, Fari ya kuɓuce ya shiga fadama ya ci gyauron dawa. Kafin azahar cikinsa ya kumbura kamar ganga. Aka yi sa'a aka sa masa wuƙa da ransa, mahauta suka ɗauki naman yadda suka ga dama. Abin da ya shigo hannun Junaidu ko rago mai mutunci ba zai saya ba.

Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta. Babu sa, babu haɗi, kuma ba wanda zai zarge ka. Junaidu ya daina fitowa. In an gaishe shi sai ya ce "Lahiya." Ƙauyenmu ya wayi gari da Hudu biyu, abin da ko gari babba ba zai iya ɗauka ba. Matarsa ta shigo wajen Zulai tana share ido, ta ce ya yi magana da masu zuwa ramukan zinari wajen Anka, da zarar ruwa ya sauka zai bi su, don ba zai zauna yana kallon gona ba shuka ba.

Ana cikin haka wani dillali ya zo ya duba Shiru, ya ba Hudu shawara. Ya ce ya sai da san, ya ɗan cika, ya sayi raƙumi, don raƙumi shi kaɗai yake jan garma. Ni ma na sa baki, tunda shawara ba a sayenta. Na ce, "Hudu, wagga dabba don kai anka halicce ta. Ba ta gaisuwa, ba ta son kowa, in an matsa mata ta yi tohi." Ban taɓa ganin idonsa ya yi haske irin na ranar ba.

Ranar kasuwar Gummi na ɗauke shi a babur muka tafi kara, wajen sai da dabbobi. Dillalin ya kai mu gaban wani raƙumi dogo, mai kallon mutane kamar sun zo roƙo. Hudu ya tsaya yana dubansa, shi ma yana duban Hudu. Na sha ganin 'yan'uwa sun haɗu bayan rabuwa, amma ban ga kama irin wannan ba.

"Kai da shi kun isa gona," in ji dillalin. "Ba ka jiran kowa, ba ka kai ma kowa hura."

"Wa ka jan igiya?" in ji Hudu.

"Babu. Daga baya kaka riƙe ta, da ita da garma. Gabanka babu kowa sai Allah."

Hudu ya daɗe yana duban filin da ke gaban raƙumin. Sannan ya juya ya bar mu tsaye. Na same shi can ƙarshen kara, wajen ƙananan shanu, yana taya wani ɗan bijimi baƙi, ramamme, mai ido kamar na ɓarawon da aka tsare. Ko hanci ba a huda masa ba. Na ja shi gefe na tuna masa abin da yaron goye ma ya sani, cewa ba a sayen sabon sa ga hadari na haɗuwa. Kafin ya koyi karkiya mutane sun yi noman farko. Ya ce ya ji. Ashe tun kafin mu taso ya fasa rumbu ya sai da dawarsa da tumakinsa, bai gaya wa kowa ba, wanda dama ba sabon abu ba ne.

Washegari ya ja bijimin, ko in ce bijimin ya ja shi, har ƙofar Junaidu. Na bi su don kada a ba ni labari. Junaidu ya fito da jakarsa a ɗaure a bayan ƙyaure, ya dubi dabbar.

"Malam Hudu, wanga kare na ko mi?"

"Na hauni na."

"Wa yac ce? An hore shi?"

"Kai za ka hwaɗa mai."

"Ni tahiya za ni. An gaya maka."

"An gaya min."

"To?"

"Tahi. In ka hore shi."

"Ba ni amsar sadaka, Malam Hudu."

"Wa yab ba ka? Kiwo na. Ban iya kiwon biyu, turkenka kau babu kowa. Ranar da anka sai da shi a raba, yadda aka yi ma kowa."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da Hudu ya yi tun da aka yi masa kaciya. Da ya gama sai da ya jingina da bango. Junaidu ya buɗe baki zai ƙi, bijimin ya miƙa wuya ya kama bakin rigarsa ya fara ci.

"Saki, ɗan banza," in ji Junaidu. "Gidanku ba a ba ku abinci? Dube shi, ƙashi da ido. Wa yas sai ma wanga? Ai ko uwatai ba ta so nai." Ya karɓi igiyar don ya ceci rigarsa, bai kuma mayar ba.

Horon ya zama abin kallon ƙauye. Aka ɗaura masa gungume ya kwanta. Aka ɗage shi ya tashi da gudu, ya ja Junaidu ta cikin ƙaya har gonar liman. Aka haɗa shi da Shiru a karkiya, ya juyo ya fuskanci garma kamar yana son sanin wa ke bayansa. Bakin Junaidu ya buɗe gaba ɗaya, har da abin da ya tara na makonni. Ruwa ya sauka, kowa ya huɗe ya shuka, su suna can suna roƙon baƙin sa ya gane hagu.

Ranar da motar masu zuwa Anka ta tsaya a ƙofar Junaidu tana oda, shi yana bayan gari riƙe da igiyar bijimin. Aka aika masa. Ya ce a gaya wa direba ya yi gaba, shi sai ya gama da wannan mara kunyar tukuna.

Da suka samu bijimin ya fara tafiya, gonar Junaidu suka fara huɗewa. Hudu ya ce tasa ƙasar ta yi tauri, alhali rairayi ce da akuya ma za ta iya huɗewa da ƙafa. Kafin a zo kanta lokaci ya tafi. Geron da Hudu ya girbe bara, ni da kaina na gani, jaki guda ya kwaso shi yana waiwaye ko akwai saura. Da rumbun Goggo Iyatu suka ƙarasa shekara, kuma ba ta bar shi ya manta ba ko da rana ɗaya.

Bana bijimin ya yi ƙiba, ya yi hankali, yana tafiya a hagu kamar a nan aka haife shi. Makon jiya na bi ta gonar Hudu na iske sun kai ƙarshe. Kunyoyin nan a miƙe kamar an ja su da zare. Junaidu ya share gumi ya dubi aikin.

"To, Malam Hudu, duba da kyau. Ya horu ko bai horu ba?"

Hudu ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya auna kunyoyin tun daga nan har bakin tsamiya. Ya tashi ya kaɗe gwiwa.

"Da saura," ya ce.

"Haka nig gani ni ma," in ji Junaidu. Ya juya shanun, ya ci gaba da ba su labari daga inda ya tsaya.