Wata Biyu Babu Mai Juya Ni

Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Ban mutu ba, saura ƙiris dai.

Bara ina cikin shanya citta a Kwoi hannuna na dama ya saki. Kafin yamma bakina ya karkace. A asibiti aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce.

Da aka sallame ni, yarana suka kai ni wani gidan kula da tsofaffi a Kafanchan. Ban ga laifinsu ba. Maza uku Allah Ya ba ni, kowa da aikinsa.

Likita ya ce a riƙa juya ni duk bayan awa biyu. Mai gidan ta ce, "Kar ku damu, aikinmu ne."

Ashe aikin na ranar Lahadi ne kawai. A shafa mini hoda, a ɗaura mini ɗankwali, a ja bargo har wuya. Matan zumuntar cocinmu su zo su yi waƙa, su ce, "Kai, Mama ya yi kyau fa!" Sauran kwana shidan ina kwance cikin fitsarina. Haka har wata biyu.

Ƙuguna ya fara zafi kamar an zuba barkono. Daga baya zafin ya ɗauke, sai wari.

Da wane baki zan ce wa Bitrus, babban ɗana, ya ɗaga zanen uwarsa? Shi ma ko a mafarki ba zai yi ba.

Hajiya Ladi, mai sayen cittata, ita ta cece ni. Ta yi jinyar mijinta shekaru, ta san warin. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Saratu, wannan ba warin magani ba ne." Ta yaye bargon, ta mirgina ni. Sai na ji ta saki salati.

Rami ne, har ƙashi.

Aka mayar da ni asibiti. Sau biyu aka yanke ruɓaɓɓen nama. An yi mini ƙarin jini. Kowace safiya wankin ciwo, ina cizon filo. Wata biyar. Gonata a kuɗin magani ta tafi.

Lauya ta duba hotunan da Hajiya ta ɗauka, ta ce wannan sakaci ne, kuma doka ta san da shi. Sai ga dattawan ikilisiya, don mai gidan 'yar cocinmu ce: "Mama, mai bi ba ya kai mai bi kotu." Na ce zan yafe, amma sai ta amsa a gaban alƙali. Har yau wasunsu ba sa gaishe ni. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Yanzu ina takawa da sanda. Na gode wa Ubangiji, da Hajiya, da nas ɗin da ba ta taɓa toshe hanci a gabana ba.

In kuna da mai kwanciya, ku je ranar da ba a zaci zuwanku ba. Ku duba ƙugu da dunduniya. Kun ga ja, ku ɗauki hoto, ku kira likita.

Ba zan janye ƙarar ba. Tsohuwar da na bari a gadon kusa da nawa, 'ya'yanta suna Legas, ita ko magana ba ta iya yi.